Malam Badamasi da Amanar Rumfar 'Yan Kallo

Duk mai zuwa kasuwar Kibiya ya san shagon Malam Badamasi, wanda ke dab da inda masu a-kori-kura ke sauke buhunan taki. Kayan injin ban ruwa yake sayarwa: tiyo, fulogi, bel da baƙin mai. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, ba don tsufa ba, don dai bayansa ya sha kujerar mota. Haifaffen Fammar ne. Ya yi noma tare da mahaifinsa har ya zama saurayi, sannan ya koyi tuƙi wurin wani kawunsa. Ya shafe shekaru yana kwasar dawa da gyaɗa da albasa daga kasuwannin Kibiya da Rano zuwa Kano, har ranar da likita ya duba hoton bayansa ya ce masa ko dai ya bar sitiyari, ko ƙafafunsa su bar shi.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, Malam Badamasi tun tasowarsa ɗan kallo ne. Bai taɓa shiga kokawa ba, bai taɓa ɗaure hannu a dambe ba, ko tashe da azumi shi ne mai bin bayan ayari. Idan kaka ta yi, mahaifinsa kan saɓa shi a wuya su tafi kallon kokawa a Fassi. Wata rana ya hango ana shirin yi wa gwaninsa taɗiya, ya ƙwalla ihu ya ce, "Kula da ƙafar hagu!" Mahaifinsa ya sauke shi ƙasa, ya dube shi ya ce, "Na kawo ka ka gani ne, ban kawo ka ka yi kokawa da baki ba." Ranar a tsaye ya ƙarasa kallo, yana leƙe ta tsakanin ƙafafun manya. Bai manta ba.

Zaman shago ya yi masa nauyi. Mutumin da ya saba ratsa garuruwa kafin azahar, yanzu sai kallon bangon shagon maƙwabci. Ya rame, ya rage magana. 'Yarsa Firdausi, wadda ke aikin jinya a Rano tana zuwa gida ƙarshen mako, ita ta fara lura. Wata Asabar ta karɓi wayarsa, ta danna nan ta danna can, ta miƙa masa.

"Baba, na sa ka a zaurenmu na Wasap. Wasa muke yi. Ba sai ka yi komai ba, saurare kawai."

"Wasa irin na rediyo?"

"Kusan haka, sai dai mu babu rubutaccen labari. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi. Abin da ya fito daga bakinka shi ne labarin."

Matasan Rano da Kibiya ne suka ƙago wani gari da babu shi a ƙasa, suka sa masa suna Tudun Kanya. Akwai mai unguwa, akwai mahauci, akwai ungozoma, akwai mai gyaran keke wanda bai taɓa gyara keke ya tashi ba. Bayan la'asar sai kowa ya riƙa turo saƙon murya da muryar mutumin da ya ɗauka, har a kira magariba. Mai jan ragamar labarin wani malamin firamare ne a Zinyau, Malam Munzali. Shi ke cewa yau an yi ruwa a Tudun Kanya, ko yau kasuwa ke ci, ko akuyar wane ta ɓata. Firdausi kuwa ita ce Asibi, mace mai zafin nama da ta gaji 'yar fadama take noman albasa da hannunta.

Zaure biyu ne. Na farko shi ne Dandali, inda ake wasan; 'yan kallo suna ciki amma sauraro ne nasu. Na biyu shi ne Rumfa, na 'yan kallo zalla, inda suke sharhi da musu da dariya. Malam Munzali ya yi wa Rumfa wani gata: idan wani a cikin labari zai ƙulla abu a ɓoye, ɗan wasan kan tura masa shi kaɗai, shi kuma ya saka a Rumfa. Saboda haka 'yan kallo sun fi 'yan wasa sanin abin da ke tafe, kuma a nan daɗin yake.

Cikin ɗan lokaci Malam Badamasi ya farfaɗo. Da ya idar da la'asar sai ya jingina wayar da gwangwanin giris, ya miƙe ƙafa. Mai sayen fulogi ya zo, sai ya ɗaga masa hannu ya jira mahauci ya gama rantsuwa. Ya jawo yayarsa Uwa cikin Rumfa, ya jawo abokinsa Ramalan, tsohon direba irinsa. Rumfa ta cika da matan aure masu ɗinkin hula, da teloli, da masu shayi, har da 'yan Rano mazauna Legas da ke son jin muryar gida.

Matsalar ita ce 'yan kallon nan mutanen kirki ne, kuma da kirkinsu suka riƙa ɓata wasa. An tashe su a kan cewa ba a shiga taro babu sallama, don haka ana tsakiyar rigimar iyakar gona a Dandali sai ka ji wani dattijo ya faɗo da sallama, yana tambayar gajiya da iyali ɗaya bayan ɗaya. An tashe su a kan cewa ba a riƙe labarin rasuwa, don haka ranar da tsohon mai unguwar Tudun Kanya ya mutu a labari, wata baiwar Allah ta tura sanarwar zuwa zauren danginsu. Washegari mutane suka yi ayari zuwa gidan yaron da ke wasan mai unguwar a Rano, suka tarar da mamacin a ƙofar gida yana wanke babur. Ita kuwa Uwa, ta haɗu da Zailani a tashar Rano, saurayi mai ladabi da ke wasan Lado, mugun maƙwabcin Asibi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ta kau da kai ta ce, "Riƙe gaisuwarka, azzalumi."

Duk wannan an yi dariya an wuce. Wanda ba a yi wa dariya ba shi ne na Ramalan. An daɗe ana gina wani labari na yadda za a yaudari mahauci a sayar masa da saniyar da ba ta da lafiya. Ramalan ya ji ƙullin a Rumfa, ya nemi lambar ɗan wasan, ya buga masa ya ce, "Yaro, kada ka sayi saniyar nan." Mahauci ya ƙi saye, labarin da aka yi makonni ana dafawa ya zube a rana ɗaya. Malam Munzali ya turo saƙo cikin ladabi amma babu wasa: zai rufe Rumfa, ya fitar da 'yan kallo daga Dandali, matasa su yi abinsu su kaɗai.

Malam Badamasi ya saurari saƙon, ya sake saurara. Ya dubi bangon shagon maƙwabcinsa, bangon da ya kusa manta kamanninsa. Washegari ya rufe shago, ya hau babur ɗin haya har Zinyau, duk da kowane rami a hanya sai da bayansa ya amsa. Ya jira aka tashi makaranta, ya sami malamin a gindin darbejiya.

"Baba Badamasi, da ka kira ni ai da na zo."

"Mai roƙo shi ke zuwa, Malam. Kada ka rufe mana Rumfa. Ka bar ta a hannuna."

"Baba, su Baba Ramalan iyayena ne. Ba zan iya tsawatar musu ba, kuma ba zan iya ci gaba a haka ba."

"Ni zan iya, ai sa'o'ina ne. In asiri ya sake fita daga Rumfa, ko ta bakin wa, ka rufe. Ba zan sake zuwa roƙo ba."

A haka aka tsaya. Malam Badamasi bai kafa doka a rubuce ba. Da safe, kafin masu saye su fara zuwa, yakan turo ɗan saƙon murya, kamar mai hira. Ya ce sallama a Rumfa ake yi, shi zai amsa wa kowa har da tambayar iyali, a bar Dandali ga masu shi. Ya ce abin da aka ji a Tudun Kanya a Tudun Kanya yake kwana, kada a sake sa mutane asarar kuɗin mota zuwa gaisuwar mai rai. Ya ce Zailani daban, Lado daban. Wanda ya ji haushin Lado ya zo Rumfa ya zazzage, amma in ya ga Zailani a hanya ya amsa masa gaisuwa, don ba ƙaramin aiki ba ne yaron kirki ya iya mugunta haka. Ramalan kuwa har gida ya bi shi.

"To ni laifina ne don na ceci mutum?" in ji Ramalan.

"Wa ka ceta? Saniyar ma babu ita. Kai da ko a mota ba ka iya jin fasinja na hira ba ka sa baki ba."

"Kai kuma da kake tuƙi kamar gunki, fasinja na zaton ka yi barci."

Suka yi dariya, Ramalan ya yi alkawari. Rumfa ta daidaita, har Malam Munzali ya ci gaba da saka asirai.

Sai asirin ya faɗo kan gidan Malam Badamasi. Wata Alhamis Malam Munzali ya saka muryar Lado a Rumfa, yana magana ƙasa-ƙasa shi kaɗai. Duk tuban da ya yi wa Asibi na ƙarya ne. Ranar Talata, idan ta tafi kasuwa ta bar masa amanar fadamarta, zai fasa datsin ruwa ya malale irin albasar da ta reno, ya ruɓe kafin dashe, don ta gaji ta sakar masa filin. Tun farkon rani Firdausi ke gina labarin irin nan: yadda Asibi ta yafa shi, yadda ta rufe shi da ciyawa, yadda take kwana tana tunaninsa.

Kowa ya san 'yar wa ce Asibi. Malam Badamasi ya turo saƙo gajere: "Mun ji. Allah ya kai mu Talata."

Ranar Asabar, kafin motar Firdausi ta iso, Uwa ta faɗo gidan ko mayafi ba ta gyara ba. Ta same shi a tsakar gida kan tabarma.

"Badamasi, yanzu kai sai ka zauna ka ci tuwo da yarinyar nan ba ka gaya mata ba?"

"Yaya, zauna mana."

"Ba zan zauna ba. Wane irin uba ne zai ji ana shirya wa 'yarsa mugunta ya yi gum? Ko maƙwabci ne ai ka faɗa masa. Haka aka rene mu?"

"Ba haka aka rene mu ba. Da fadamar Firdausi ce ta gaske, da tun Alhamis ina can da sanda. Amma wannan ta Asibi ce."

"Asibin wa? Ba muryar Firdausi ba ce? Ni in ta yi kuka a wayar nan har cikina nake ji."

Malam Badamasi shi ma haka yake ji. Amma ya ce, "Yaya, kin san abin da yarinyar nan take so a wasan nan? So take abu ya zo mata ba shiri, ta ga me za ta yi. In muka gaya mata, ranar Talata sai dai ta yi ƙaryar mamaki, kuma kowa zai ji a muryarta. Mun cuce ta ke nan, mun cuci Zailani, Malam kuma ya rufe Rumfa. Sai ki koma sauraron kukan injin markaɗen maƙwabta."

Uwa ta zauna a bakin tabarma tana huci. "Ni dai ban yarda da bakina ba."

Ya laluba aljihu ya ciro goro, babba fari, ya miƙa mata. "To ba shi aiki."

Firdausi ta iso da fara'arta, ta gaida Gwaggo, ta gaida Baba, aka kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa. Ba a yi nisa ba ta ɗauko zancen da kanta.

"Baba, ka ji yadda Lado ya shiryu kuwa? Wallahi har tausayi ya ba ni. Ranar Talata Asibi za ta je kasuwa, shi zan bar wa fadamar ya duba mini. Har tsaraba na yi niyyar sayo masa."

Uwa ta tura sauran goron gaba ɗaya a baki, ta riƙa tauna kamar mai jin haushinsa. Malam Badamasi ya ajiye lomar da ya yanka. Kalma ɗaya ta isa. Ko ma ba kalma ba, ya ɗan girgiza kai, ko ya ce "a dai yi hattara", irin abin da kowane uba ke faɗa ba tare da an zarge shi ba. Ya dubi 'yarsa, idonta na ƙyalli irin na ranar da ta fara zuwa makaranta.

"Miƙo mini yajin nan," in ji shi.

"Gwaggo, lafiya kike cin goro ana cin tuwo?"

Uwa ta nuna haƙorinta da yatsa, ta yi wani gurnani da ba a gane ba, ta tashi ta ce ta bar wake a wuta.

Ranar Talata bayan la'asar, Malam Badamasi ya jawo ƙofar shago rabi, ya jingina waya. Ramalan ya zo ya zauna kan buhu, ya ce ba zai iya ji shi kaɗai ba. Aka ji Asibi ta dawo daga kasuwa tana 'yar waƙa, tana kiran Lado tun daga nesa ya zo ga ƙuli-ƙuli da rake ta sayo masa. Sai Malam Munzali ya shigo da muryarsa ta mai ba da labari, ya ce da ta hau tudu ta hango fadamarta, babu ko tsiro ɗaya a sama, ruwa ne kwance daga wannan kunya zuwa waccan.

Saƙon Firdausi ya daɗe bai zo ba. Da ya zo, farkonsa numfashi ne kawai. Kowa ya zaci ihu za ta yi, ko zagi. Sai aka ji ta ce, a hankali, "Lado, ga tsarabarka. Karɓi mana, don kai na saya. Ka ci, sannan ka zo ka nuna mini ta inda ruwan ya shigo, don ni idona ba ya gani sosai yanzu."

Ramalan ya cire hula ya share fuska da ita. Zailani, wanda ya shirya dariyar mugunta tun Alhamis, ya turo saƙo yana in'ina, ya fara musu ya kasa ƙarasawa, ya ce raken ya yi masa nauyi a hannu. Labarin ya juya ta inda ko Malam Munzali bai tsara ba. Har aka kira magariba babu ɗan kallo ɗaya da ya yi tari a Dandali. A Rumfa kuwa kamar an buɗe kasuwa: masu kuka, masu yi wa Asibi jaje, masu cewa a ba su Lado minti biyar. Uwa ta turo saƙo mai tsawo, rabinsa Allah ya isa, rabinsa kirari ga 'yar ƙaninta.

Bayan sallah Malam Munzali ya shigo Rumfa. Ya ce tun da aka kafa Tudun Kanya ba a yi wasa irin na yau ba, kuma ba 'yan wasa kaɗai suka yi shi ba. Mutanen da suka riƙe bakinsu tun Alhamis suna da rabo a ciki. Ya ce maganar rufe Rumfa ta wuce. Ya ƙara da cewa kujerar mai unguwa har yanzu babu kowa, in Baba Badamasi zai karɓa. Malam Badamasi ya gode, ya ce a ba mai baki, shi wurin zamansa ya ishe shi.

Asabar ta zagayo. Firdausi ta shigo gida, ta gaishe shi a taƙaice, ta zauna nesa kaɗan tana wasa da bakin mayafi.

"Baba, ka sani."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun Alhamis."

"Ina zaune a nan ina cewa zan sayo masa tsaraba, kai kuma kana neman yaji."

"Miyar ce ba ta ji ba."

Ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata. "Shi ya sa Gwaggo ta cinye goro guda da tuwo a gabanta!" Da ta lafa sai ta ce, "Wallahi Baba da na ji Malam ya ce ruwa, saura kaɗan in yar da wayar. Ban san daga ina maganar nan ta fito ba."

Malam Badamasi ya gyara zama, ya dube ta sosai. "Ni na san daga ina ta fito. A shago na saurara, na sake saurara, har na sa wa mai sayen tiyo ya ji, na ce masa 'yata ce."

"Baba! Ba kai ka hana fitar da labari ba?"

"A wayata ya ji, a gabana, kuma bayan an gama. Wannan ba fitarwa ba ce." Ya ɗan yi gyaran murya. "Ki gaya wa Asibi ina mata jaje. Allah ya mayar da alheri."

"Amin, za ta ji." Firdausi ta matso kusa, ta rage murya. "To Baba, tsakanina da kai, yanzu me Lado yake shiryawa?"

Malam Badamasi ya kasa kunne wajen masallacin unguwa, ya jawo butarsa, ya dafa bango ya miƙe.

"Kamar an kira la'asar," in ji shi, ya sa takalmi ya fita.